Hanci, maƙogwaro ko miyau: daga ina ya fi dacewa a ɗebo abin gwaji in ana neman cutar numfashi?

Hunturu ya kankama. Daga Hawandawaki zuwa Korgom, daga Tasawa har Mayahi, da wuya ka shiga gida ba ka iske mai tari ko mai majina ba. Yara na kwana da zafin jiki, tsofaffi na kukan ƙirji, ƙura kuwa ba ta bar kowa ba. A irin wannan lokaci ne tambayoyin masu saurare kan lafiya suke yi mana yawa, kuma akwai guda da ta daɗe tana dawowa tun zamanin korona: me ya sa wani aka zura masa tsinken auduga har ƙuryar hanci sai da ya yi hawaye, wani aka goga masa a maƙogwaro, wani kuma aka ce ya tofa miyau cikin ƴar kwalba, alhali duk cuta ɗaya ake nema? Wane ne aka yi wa na gaskiya?

Tambaya ce mai nauyi, don amsarta ta shafi rai. In aka ɗebo abin gwaji daga inda cutar ba ta taru ba, takarda za ta fito ta ce babu, mutum ya koma gida da ita, ya kwana ɗaki ɗaya da jariri ko da tsohuwa. Shi ya sa muka tattara abin da binciken likitoci ya nuna, muka kawo muku shi dalla-dalla.

Buhun wake da ƙarfen suka

Duk wanda ya taɓa sayen wake a kasuwa ya san ba a yarda da bakin buhu. Mai saye da ya san sana'arsa yakan soka ƙarfe a tsakiya, ya soka a gindi, ya zuba a tafin hannu ya duba ko ƙwari sun ci. In ya tsaya ga bakin buhu kaɗai, sai ya kai gida ya gane abin da ya saya.

To haka gwajin cutar numfashi yake. Mura mai tsanani, korona, da cutar nan da ke sarƙe numfashin jarirai wadda likitoci ke kira RSV, duk ƙwayoyin cuta ne na jinsin da ake kira birus. Sun yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma ba sa iya hayayyafa sai sun shiga cikin ƙwayoyin naman da ke shimfiɗe a bangon hanyar numfashi. Wato abin da ma'aikacin lafiya yake nema da tsinken nan ba majina ba ce kawai. So yake ya kankaro kaɗan daga fatar bangon, inda cutar ta yi sheƙa. Wannan ɗan abin da ya ɗebo shi ake kira samfur, shi ake kaiwa labo.

Na'urar labo, komai tsadarta, abin da aka kai mata kaɗai take gani. In tsinken ya dawo ba tare da ƙwayar cutar ba, na'ura ba ta da yadda za ta san tana cikin jikin mutum.

Wurare biyar da ake ɗiba

Na farko, ƙuryar hanci. Can ciki ne, inda hanci ya haɗu da saman maƙogwaro. Ana bi da siririn tsinke mai lanƙwasa a kwance, a kan daɓen hanci, ana nufar wajen kunne, ba sama wajen ido ba. Zurfinsa ya kai kusan tazarar da ke tsakanin ƙofar hanci da kunne. In ya isa, sai a bar shi ƴan daƙiƙoƙi, a murza a hankali, a zaro. Wannan ne mai sa hawaye da atishawa, kuma shi likitocin duniya suka ɗauka ma'auni da ake auna sauran da shi.

Na biyu, tsakiyar hanci. Tsinken yana shiga wajen santimita 2, har ya ɗan ji turjiya, sannan a murza. Ana yi a hanci biyun da tsinke ɗaya.

Na uku, bakin hanci. Santimita 1 zuwa 1 da rabi kawai, ana goga bangon ciki ana zagayawa na daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowane gefe. Shi ya fi sauƙi, har mutum kan iya yi wa kansa in an nuna masa.

Na huɗu, maƙogwaro. Mutum ya buɗe baki, a danne harshe, a goga bangon baya da tsokokin nan biyu da ke gefe da gefen belu. Ba a son tsinken ya taɓa harshe, haƙori ko kumatu. Matsalarsa ita ce yunƙurin amai: da mutum ya fara kakari, sau da yawa mai ɗiba kan janye hannu tun bai goga inda ya kamata ba.

Na biyar, abin da mutum ke tofarwa da kansa. Nan akwai abu biyu da bai kamata a haɗa su ba. Miyau na baki ne. Kaki kuwa daga ƙirji yake fitowa bayan tari mai zurfi, shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a huhu. Ga majinyacin da ke kwance a babban asibiti an sa masa bututun numfashi, likitoci kan zuƙo ruwa daga cikin huhun kai tsaye.

Abin da aka gani da aka gwada su

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Annobar korona ta ba masu bincike damar da ba su taɓa samu ba, don an ɗebi samfur daga miliyoyin mutane cikin ɗan lokaci.

A watan Maris na 2020, watan da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar, ranar 19 ga wata, mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA ta buga wani bincike daga ƙasar Sin. An duba samfur 1,070 daga majinyata 205 da aka riga aka san suna da cutar. Ruwan huhu ya nuna ta a kashi 93 cikin ɗari, kaki kashi 72, tsinken hanci kashi 63, tsinken maƙogwaro kuwa kashi 32 kacal. Sai dai a lura, samfurin hanci guda takwas ne kawai a ciki, kuma mutanen duk majinyata ne na asibiti. Duk da haka, binciken ya farkar da duniya cewa wurin ɗiba ba abin wasa ba ne.

A 2021 wasu masana na jami'ar Hong Kong suka tattara bincike 23 da aka yi a ƙasashe daban-daban, masu ɗauke da mutum kusan dubu takwas, yawancinsu masu zuwa asibiti da ƙafarsu. Suka ɗauki ƙuryar hanci a matsayin ma'auni, suka auna sauran. Ga yadda lissafin ya fito, in muka ce mutum 100 ne gwajin ƙuryar hanci ya kama:

Hanci da maƙogwaro a haɗe cikin kwalba ɗaya sun kama 97.
Hanci shi kaɗai ya kama 86.
Miyau ya kama 85.
Maƙogwaro shi kaɗai ya kama 68.

Ku dubi na ƙarshen da kyau. Cikin masu cuta 100, maƙogwaro shi kaɗai ya saki 32, kusan mutum ɗaya cikin uku, sun tafi da takardar babu. Amma da aka haɗa shi da hanci, mutum uku kaɗai suka kuɓuce. Kamar mai sayen waken nan ne da ya soka buhu wuri biyu.

Akwai kuma wani bincike na 2020 a jihar Washington ta Amurka, inda aka bar mutum sama da 500 suka ɗebi samfur da hannunsu, sannan ma'aikaci ya ɗebi na ƙuryar hanci don a kwatanta. Na bakin hanci ya kama kashi 94, na tsakiyar hanci kashi 96. Wannan ya nuna cewa in an koya wa mutum da kyau, kuma yana cikin kwanakin farko na ciwo, hanya mai sauƙi ma tana aiki.

To amsar tambayar masu saurare ke nan a taƙaice: duk ukun gwaji ne na gaskiya, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ƙuryar hanci ta fi, haɗin hanci da maƙogwaro na biye da ita dab da dab, maƙogwaro shi kaɗai shi ne a baya.

Kowace cuta da maɓoyarta

Kada a ɗauka lissafin nan ya zauna ke nan har abada, ko ya shafi kowace cuta. Ita kanta korona ta canza hali. Da nau'in Omikron ya bayyana, wanda Afirka ta Kudu ta sanar a watan Nuwamba na 2021, masu bincike na can sun lura cewa a farkon kamuwa yana nunawa a miyau fiye da yadda nau'in Delta ya yi. Shi ya sa ƙa'idar ɗiba kan canza daga shekara zuwa shekara, ba don likitoci ba su san abin da suke yi ba.

Murar da muke fama da ita kowane hunturu ta fi taruwa a hanci da ƙuryarsa. Haka ma RSV ta jarirai. A wasu asibitoci, maimakon tsinke, ana zuƙo majinar jariri da ɗan siririn bututu.

Murar tsuntsaye kuwa daban take. Manya daga cikinmu na tune da shekarar 2006. A watan Fabrairu aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji cikin jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma kafin watan ya ƙare aka same ta a Magariya, jihar Damagaram, daga baya ta ɓulla a cikin jihar Maradi. In wannan cuta ta tsallako jikin mutum, ta fi son gangarawa ƙasa, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta nuna cewa ga H5N1 samfurin maƙogwaro da na huhu sun fi na hanci. Kun ga nan lissafi ya juye. Su kuma likitocin dabbobi, a maƙogwaron kaza da duburarta suke sa tsinken. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da kaji da zabi ke kwana a tsakar gidajenmu suna kuma ƙetare iyaka ranar kasuwa. In kajinka sun mutu da yawa lokaci ɗaya, sannan wani a gidan ya kwanta da zazzaɓi da tari, faɗa wa ma'aikacin lafiya zancen kajin. Wannan magana ɗaya na iya canza inda zai ɗebi samfur.

Sai cutar MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, da ke fitowa daga raƙuma, kuma ta kashe kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Ita a can cikin huhu take zama, don haka kaki ko ruwan huhu ya fi tsinken hanci nuna ta. Ga raƙumi kuma a hanci ake samunta: a 2015 masu bincike sun same ta a hancin raƙuma a mayankar Kano. Alhaji ko mai umara da ya dawo, ya kamu da zazzaɓi da tari cikin kwana 14, ya kamata ya ambaci tafiyarsa tun kafin a tambaye shi.

Akwai kuma cututtukan da ba birus ke kawo su ba, amma suna taimaka mana mu gane zancen. Mashaƙo, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022, ya kuma ɓarke a yankin Matamaye maƙwabtanmu a 2023, ƙwayar bakteriya ce da ke yin farar yana a maƙogwaro. Don haka a maƙogwaro ake sa tsinke, kuma ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Tarin tibi da kaki ake gane shi. Wanda aka ba kwalba ya tofa miyau ya ɓata gwajin. Sanƙarau ruwan gadon baya ake ɗiba. Ƙyanda, ko dusa kamar yadda muke cewa, duk da ta hanyar numfashi take yaɗuwa, da jini aka fi tabbatar da ita. Masassarar cizon sauro kuwa kowa ya sani, ɗigon jinin yatsa ne. Kowace ɓarauniya da ɗakin da take ɓuya.

Rana nawa da fara ciwo?

Ko an dace da wuri, in ba a dace da lokaci ba aikin na iya tashi banza. Ƙwayar mura tana cika hanci a kwana uku zuwa huɗu na farko, daga nan sai ta fara raguwa. Yara ƙanana kan daɗe suna fitar da ita fiye da manya. Korona ma a makon farko ta fi yawa a hanci da maƙogwaro. In ciwo ya yi nisa ya sauka ƙirji, tsinken hanci na iya cewa babu alhali huhu na cike.

Nan ne ɗabi'armu take cutar da mu. Mutum zai fara da jiƙe-jiƙe, ya koma ga mai tallar magani, ya sha ƙwaya kala uku, sai rana ta takwas da ya kasa tashi a ɗauke shi a amalanke ko a moto zuwa likita. A lokacin, sawun ɓarawo ya riga ya goge daga ƙofa. Kuma maganin mura mai tsanani da ake kira oseltamivir ya fi amfani in an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamomi.

Irin gwajin ma yana da tasiri. Akwai na gaggawa, mai kama da na masassara, wanda ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 30. Shi sai ƙwayar cutar ta yi yawa yake ganinta. Akwai kuma PCR na babban labo, wanda ke ɗaukar ɗan ɓurɓushin ƙwayar ya riƙa ninka shi, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har sau talatin ko arba'in, sai ya fito fili. Kuma kowane kwalin gwajin gaggawa an rubuta irin samfurin da aka ƙera shi dominsa. Wanda aka yi don hanci, ba a tofa masa miyau a ce an yi gwaji.

Daga nan zuwa Yamai

Akwai wani ɓangare da binciken Turai da Amurka bai cika damuwa da shi ba, amma mu shi ne babbar matsalarmu: hanya. Babban labon da ke bin diddigin mura a ƙasarmu shi ne na cibiyar CERMES da ke Yamai, wadda tun 2009 take karɓar samfur daga wasu zaɓaɓɓun asibitoci don sanin irin murar da ke yawo, kuma ita ta ɗauki nauyin gwajin PCR na farko da korona ta shigo. Aikin nata ya nuna abin da kakanninmu suka sani da ido, cewa mura ta fi ƙarfi a lokacin sanyi, wajen Janairu da Fabrairu. Daga Tasawa zuwa Yamai kuwa kusan kilomita 800 ne.

Da an zaro tsinke, ana karya kansa cikin ƴar kwalba mai ruwa na musamman, a rufe, a rubuta suna da rana, a sa cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ƙa'idar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a irin wannan sanyi kada ya wuce awa 72 ba a gwada shi ba. In zai wuce, sai an daskarar da shi a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, abin da firjin gida ba ya iyawa. To ku tuna zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ku tuna ɗaukewar wuta. Samfurin da aka ɗiba daidai, in ya wuni cikin zafi a bayan mota, zai iya isa labo a lalace.

Shi kansa tsinken ba kowane ba ne. Na gwaji da zaren roba ake yin kansa, sandarsa ma ta roba ce ko siririn ƙarfe. Tsinken sakace kunne na kanti, ko mai sandar itace, bai dace ba, don yana iya hana na'urar PCR aiki yadda ya kamata.

Wani zai ce, mene ne amfanin a kai majinar yaron ƙauye har Yamai, alhali kafin amsa ta dawo ya warke? Amfanin na jama'a ne. Da irin wannan samfur ake gane cewa sabuwar cuta ta shigo tun ba ta cika maƙabarta ba. Kano ta ga misali a watan Afrilu na 2020, lokacin da mutane suka riƙa mutuwa ba a san dalili ba. Sai a watan Yuni ministan lafiya na Najeriya na wancan lokaci, Osagie Ehanire, ya sanar cewa an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta jawo su. Da tambayar iyalai aka kai ga wannan ƙiyasi, don yawancin mamatan ba a gwada su ba suna raye. Haka nan, daga samfurin da ƙasashe ke aikawa ne OMS ke zaɓar nau'in murar da za a haɗa allurar rigakafi da shi, sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba.

Jita-jitar da muka ji

Mun ji ana cewa tsinken yana taɓa ƙwaƙwalwa. Hanyar da yake bi a kwance take, tana nufar bayan maƙogwaro, kuma akwai ƙashi tsakanin kogon hanci da ƙwaƙwalwa. A Helsinki, babban birnin Finland, likitoci sun duba gwaji sama da dubu 640 da aka yi a 2020. Mutum takwas ne kaɗai suka koma asibiti da matsala: huɗu haɓo, huɗu kuma tsinken ne ya karye a ciki aka ciro shi. Hawaye da atishawa kuwa kusan kowa yana yi, kuma cikin minti ɗaya ko biyu sun wuce.

Mun kuma ji ana cewa a jikin tsinken ake shafo cutar. Kowane tsinke yana zuwa a rufe cikin ledarsa, sau ɗaya ake amfani da shi. Haƙƙinka ne ka ga an yage ledar a gabanka. In ba ka gani ba, ka tambaya cikin ladabi. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Sai dai akwai waɗanda ya kamata su yi magana kafin a fara: mai yawan haɓo, wanda ya taɓa karyewa a hanci ko aka yi masa aiki a ciki, da mai shan maganin tsinka jini. Irin waɗannan akan sauya musu hanya, a ɗebi na bakin hanci da maƙogwaro.

In za a gwada ka, ko ɗanka

Gaskiya ita ce ba kowace mura ke buƙatar tsinke ba, kuma a ƙananan asibitocinmu ba kullum ake da kayan wannan gwajin ba. Yawancin mura tana wucewa cikin mako ɗaya da hutu da shan ruwa. Ana neman samfur ne in ciwo ya yi tsanani, in mutane da yawa sun kwanta lokaci ɗaya a gari ko makaranta, in akwai zancen mutuwar kaji ko dawowa daga tafiya, ko in hukuma na bin sawun wata annoba. In ya zo kanka, ga abin da zai taimaka:

Faɗi ainihin ranar da ciwon ya fara, kada ka rage kada ka ƙara.

Zauna ka jingina kai, ka ɗan ɗaga haɓa, ka yi numfashi ta baki. Kada ka riƙe hannun ma'aikaci, kada ka fizge kai, don fizgar ce ke kawo rauni.

In yaro ne, uwa ta zaunar da shi a cinya, bayansa a ƙirjinta, hannu ɗaya ya rungume hannayensa, ɗayan ya riƙe goshi. Kada a yi masa ƙarya cewa ba zai ji komai ba. A ce masa zai ji ƙaiƙayi kaɗan, yanzu za a gama.

In miyau aka nema, a bar ci, sha, goro, taba da asuwaki na minti 30 kafin a tofa.

In kaki aka nema, a kurkure baki da ruwa, a ja dogon numfashi, a yi tari daga ƙirji, a wajen ɗaki nesa da mutane.

In aka ce za a ɗebi hanci da maƙogwaro duka biyu, kada ka ga kamar an tsananta maka. Lissafin da muka kawo a sama ya nuna dalili.

Takardar babu ba ita ce ƙarshe ba

Wannan shi ne abin da muka fi so ya zauna a zukata. In gwaji ya ce akwai, yawanci akwai ɗin ne. In ya ce babu, to yana iya zama babu, yana kuma iya zama ba a soki buhun inda ƙwarin suke ba, ko an makara, ko zafi ya ɓata samfur a hanya. Mai tari da zazzaɓi, ko takardarsa ta ce me, ya rufe baki da hanci in zai yi tari, ya wanke hannu da sabulu, ya nisanci jarirai, masu ciki da tsofaffi har ya warware. In ciwo na ƙaruwa, a koma likita. Ana iya sake gwaji, ko a ɗebo daga wani wuri.

Kuma kada a ce tunda ba a ga komai ba bari a sayi ƙwayoyin kashe bakteriya a kasuwa. Ba sa taɓa birus ko kaɗan. Kuɗi ne ke tafiya, kuma ranar da ake buƙatarsu da gaske sai a iske sun daina ci.

Ga yara, akwai alamomin da ba sa jiran kowane gwaji. OMS ta ƙiyasta cewa ciwon huhu, wanda muke kira awazu, ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar sama da dubu 740 a duniya a 2019. Uwa za ta iya ƙirga numfashin ɗanta na minti ɗaya yana kwance shiru. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, in ya kai 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, in ya kai 40, to numfashin ya yi sauri, a kai shi likita a ranar. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa da kyau, a tashi da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi, musamman iyaye mata da masu kiwon kaji. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, waɗanda suka fi ƙarfinmu za mu kai su ga ma'aikatan lafiya mu kawo muku amsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu fita hunturun bana lafiya.